Su wa suka rubuta tsofaffin waƙoƙin sujada, kuma gaskiya ne labaran da ake ba mu a kansu?

Malam Bitrus (shugaban kwaya): Salama gare ku 'yan'uwa. Kwayarmu za ta yi daren tsofaffin waƙoƙi ƙarshen watan nan, kwamiti kuma ya ce kafin kowace waƙa a tashi a faɗi tarihin wanda ya rubuta ta a taƙaice. Ni aka ɗora wa haɗa tarihin. Damuwata ita ce abin da muka saba ji daga bagadi daban, abin da nake tararwa a littattafai daban. Mu fara da Amazing Grace. Mu dai an koya mana cewa John Newton mai fataucin bayi ne, guguwa ta rutsa da jirginsa a teku, ya tuba a daren nan, ya saki bayin, ya zauna ya rubuta waƙar. Haka ne ko ba haka ba? Masu karatu a taimaka mana.

Saratu: Malam, guguwar dai gaskiya ce. A watan Maris na 1748 aka yi ta, kusa da gaɓar Ailan, kuma shi kansa ya riƙa tunawa da ranar kowace shekara har ya mutu. Sauran labarin ne ya sha gishiri. Jirgin da yake ciki a lokacin ba bayi ya ɗauko ba, kayan fatauci ne irin su hauren giwa da kakin zuma, kuma ba shi ne kyaftin ba, gida ake mayar da shi. Bayan guguwar ne ma ya samu girma a sana'ar. Ya fara zama mataimakin kyaftin, daga baya ya ja jirgin bayi da kansa har sau 3 tsakanin 1750 da 1754: ya tashi daga Liverpool, ya yi lodin mutane a gaɓar Afirka ta Yamma, ya haye da su cikin sarƙa zuwa tsibiran Karebiyan. Abin da ya raba shi da teku wani ciwo ne mai kama da farfaɗiya da ya kayar da shi a 1754, ba lamirinsa ba.

A 1764 aka naɗa shi limamin coci a wani ƙaramin gari na Ingila mai suna Olney. Waƙar kuwa don wa'azin sabuwar shekara ta 1773 ya rubuta ta, wato shekara 25 bayan guguwar, yana zaune a gidansa lafiya lau. Nassin da ya yi wa'azi a kai 1 Tarihi 17:16 ne, inda Sarki Dauda yake cewa wane ni, mene ne kuma gidana. Bai fito fili ya la'anci cinikin bayi a rubuce ba sai 1788.

Dauda: Yawwa. Ni tun da na karanta wannan waƙar ta fita mini a rai. Mutumin nan yana tara matuƙan jirginsa ranar Lahadi yana yi musu sujada a sama, a ƙarƙashin ƙafarsa kuwa ɗaruruwan baƙaƙe ne irinmu kwance cikin sarƙa, wasu suna mutuwa ana jefa su a ruwa. Wannan bayan “tuban” ke nan fa. Sannan mu jikokin nahiyar da ya kwasa mu tashi mu rufe ido muna rera waƙarsa muna hawaye? A cire ta kawai, Malam Bitrus, waƙoƙi ba su ƙare ba.

Baba Ishaku: Ɗana Dauda, sannu-sannu. In da halin marubuci za mu bi, sai mu yage Zabura 51 daga Littafi Mai Tsarki, tunda wanda ya rubuta ta ya ɗauke matar mutum ya kuma sa aka kashe mijin. Sai mu ajiye wasiƙun Bulus, tunda da yardarsa aka jejjefe Istifanus. Waƙar nan ta kawo mutane da yawa gaban gicciye. Ni a ganina ma Malam Bitrus ya faɗi labarin yadda muka saba jinsa. Me tonon sililin zai ƙara wa tsohuwar da ta zo sujada don ta sami ta'aziyya?

Dauda: Baba, da girmanku, amma da annabi Natan ya ce wa Sarki Dauda kai ne mutumin, nan take ya ce na yi zunubi. Newton shekara 6 ya ƙara a cikin sana'ar, sannan ya yi shiru na shekara 34. Ba ɗaya ba ne.

Rabaran Markus: Na karanta ku duka. Baba Ishaku, ina tare da ku cewa ba za a cire waƙar ba, amma ba na tare da ku kan a faɗi labarin da muka san ba haka ya faru ba. Bagadi ba wurin ƙarin gishiri ba ne, ko da gishirin zai sa mutane kuka. Yaranmu suna da waya a hannu, kafin a tashi sujada sun duba. Ranar da suka kama mu da wannan ƙaramar, me zai sa su yarda da mu a kan manyan?

Dauda, kai kuma ka ji ragowar. Newton bai kare kansa ba. Shi ne ya rubuta cewa a lokacin guguwar ba zai iya kiran kansa cikakken mai bi ba, sai bayan lokaci mai tsawo. Ƙasidar da ya fitar a 1788 ta bayyana abin da ake yi wa mutane a cikin jiragen nan dalla-dalla, da bakin wanda ya yi da hannunsa, ya ce abin kunya ne gare shi har abada, aka aika wa 'yan majalisar Ingila kofi-kofi. Shi ne kuma ya ba William Wilberforce, ɗan majalisar da ya jagoranci yaƙi da cinikin bayi, shawara kada ya bar majalisa ya koma aikin coci, ya tsaya a can ya yi wa Allah aiki. A watan Maris na 1807 aka haramta cinikin bayi a jiragen Ingila, a Disambar shekarar Newton ya rasu. Abin da ya fi ba ni tsoro a tarihinsa shi ne kafin duk wannan, shi kansa ya ɗanɗana bauta a wani tsibiri a gaɓar Saliyo, da yunwa da wulaƙanci, amma bai hana shi komawa ya sa wa wasu sarƙa ba. Labarin dare ɗaya yana koya wa mutane cewa da zarar ka fito gaba an yi maka addu'a, ka gama. Na gaskiyar yana cewa mutum zai iya karanta Littafi kowace safiya alhali yana zaune a kan zaluncin da bai ma gani a matsayin zunubi ba, don kowa a garinsu yana ci daga ciki. Wannan na biyun ya fi dacewa da mu.

Ladi: Kai, Baba Rabaran, wannan ai wa'azi ne sukutum. Amin.

Dauda: Na ji, Baba Rabaran. Amma ni dai in an tashi rera ta zan zauna.

Yohanna Mai Piyano: Duk kuna ta faɗa a kan wanda ya rubuta kalmomi, ba wanda ya tambayi wa ya sa murya. Newton har ya mutu bai taɓa jin muryar da muke rera waƙar da ita ba. A Amurka aka haɗa su, a 1835, wani malamin waƙa mai suna William Walker ya ɗauki wata tsohuwar murya da ake kira New Britain ya ɗora kalmomin a kai cikin littafinsa. A Ingila kafin nan waƙar ba ta yi wani tashe ba. Baitin ƙarshe ma, na shekara dubu goma a sama, ba Newton ya rubuta ba, daga wata waƙar aka ɗauko aka liƙa. To Dauda, abin da yake sa tsigar jikinka tashi in kwaya ta ɗauka, rabinsa ba na mai jirgin bayi ba ne. Kuma baƙaƙen Amurka, jikokin bayin da kansu, suna cikin waɗanda suka fi riƙe ta. Ni kullum ƙorafina ke nan: a littattafanmu lamba ake kira, a tarihi kuma marubuci ake yabo, mai murya ko oho.

Mama Rifkatu: 'Ya'yana, tunda kun fara tone-tone ku gaya mini ta “lafiya lau da raina” ɗin nan, It Is Well. Ita muke rerawa a kusan kowace jana'iza. Kada ku ce mini ita ma labarinta ƙarya ne, don zuciyata ba za ta ɗauka ba.

Saratu: Mama, kwantar da hankalinku, wannan ta faru. Horatio Spafford lauya ne a Shikago, ya zuba dukiyarsa a filaye da gidaje, gobarar da ta cinye birnin a 1871 ta taɓa shi sosai. A 1873 ya shirya kai iyalinsa Turai, wani aiki ya tsayar da shi, ya sa matarsa Anna da 'ya'yansu mata 4 a jirgi mai suna Ville du Havre a kan zai biyo baya. Ranar 22 ga Nuwamba wani jirgin ya buge su a tsakiyar teku, nasu ya nutse cikin minti 12, mutum 226 suka mutu, har da yaran duka, babbar tana da shekara 11, ƙaramar 2. An tsamo Anna a sume. Da aka sauke su a Cardiff ta buga wa mijin tangaraho, saƙon ya fara da cewa ita kaɗai ta tsira. 'Yarsu Bertha, wadda aka haifa daga baya, ita ta ba da labarin cewa a jirgi ya rubuta waƙar lokacin da yake tafiya wurin matar.

Inda masu wa'azi suke rikita lissafi shi ne ɗansu namiji. Sukan ce ya mutu kafin gobara, don masifun su jeru kamar na Ayuba. A 1880 yaron ya rasu, da wani zazzaɓi mai fesar da jajayen ƙuraje, shekaru bayan an riga an buga waƙar. Wato mutumin ya rubuta “lafiya lau” sannan aka sake jarraba shi.

Yohanna Mai Piyano: Ga nawa ɓangaren kuma. Philip Bliss ne ya sa muryar, har ya raɗa mata sunan jirgin da ya nutse. A 1876 aka buga ta. A ƙarshen shekarar nan, 29 ga Disamba, shi da matarsa Lucy suna cikin jirgin ƙasa za su Shikago wurin taron mai wa'azi D. L. Moody, gada ta karye da su a Ashtabula, jihar Ohio, taragai suka faɗa rafi suka kama da wuta. Mutum fiye da 90 suka hallaka. Shekarunsa 38, sun bar yara maza 2 ƙanana, ko gawarsu ba a iya ganewa ba. Akwatinsa ya tsira, a ciki aka sami kalmomin wata waƙa da bai kai ga sa wa murya ba, abokinsa James McGranahan ya ƙarasa ta. Kun taɓa jin an faɗi wannan a jana'iza? Spafford kawai.

Mama Rifkatu: Wayyo Allah. Mai kalmomi ruwa, mai murya wuta.

Saratu: Akwai saura, kuma Malam Bitrus ya kamata ya sani ko da ba zai faɗa ba. A shekarun da suka biyo bayan nutsewar jirgin, Spafford da matarsa sun rabu da ikkilisiyarsu ta Firesbiteriya, suka kafa nasu taron a gida, shi kuma ya kai ga daina yarda da hukuncin wuta na har abada. A 1881 suka kwashi 'yan mabiyansu suka koma Urushalima suna jiran dawowar Ubangiji. A can zazzaɓin cizon sauro ya kashe shi a 1888. Jama'ar da suka kafa ta yi aikin jinƙai sosai, sun ciyar da mayunwata lokacin yaƙin duniya na ɗaya ba tare da tambayar addinin kowa ba, kuma har yau akwai cibiyar kula da yara mai sunan iyalin a tsohon birnin.

Baba Ishaku: To wannan kam ta fi ta Newton damuna. Shi Newton daga duhu ya fito zuwa haske. Wannan kuwa daga koyarwa ta gari ya kauce. Mutumin da ya ce babu wuta, me ya rage masa na bishara?

Dauda: Baba, ɗazu kun ce kada a bi halin marubuci. Sayar da mutane bai isa a cire waƙa ba, amma saɓanin koyarwa ya isa?

Baba Ishaku: Ban ce a cire ba, yaro. Cewa na yi ta dame ni.

Rabaran Markus: Ma'aunin ɗaya ne a duka biyun. A ɗauki waƙar baiti-baiti a gwada ta da Littafi. Ta Spafford tana cewa zunubina, ba rabi ba, dukansa, an kafa shi a kan gicciye, tana kuma sa zuciya ga ranar da za a busa ƙaho. Ina kuskure a nan? Bulus ma a Filibiyawa 1:18 ya yi murna ana shelar Almasihu ko da daga bakin waɗanda nufinsu bai yi masa ba. Sannan mu yi hankali da yanke hukunci a kan uban da ya binne ɗa bayan teku ta ci masa 'ya'ya 4. Ban yarda da inda ya ƙare ba, amma na ga hanyar da ta kai shi.

Talatu (nas): Ni roƙona Malam Bitrus ya sa William Cowper a jerin, wanda ya rubuta waƙar maɓulɓula cike da jini. Maƙwabcin Newton ne a Olney, tare suka fitar da littafin waƙoƙinsu a 1779. Mutumin nan ya yi fama da matsananciyar damuwa kusan duk rayuwarsa. A 1763 ya yi yunƙurin kashe kansa, aka kwantar da shi a gidan jinyar masu taɓin hankali, a can ne ma ya ba da gaskiya. A farkon 1773 ciwon ya dawo da ƙarfi, ya shiga ganin cewa Allah ya yashe shi, ya daina zuwa sujada, kuma da wannan tunanin ya mutu a 1800. Newton bai ce masa aljanu ba ne, bai ce rashin bangaskiya ba ne. Gidansa ya ɗauke shi ya riƙe fiye da shekara guda. A wurin aikina ina ganin masu bi da aka ja su daga wannan gidan addu'a zuwa wancan har ciwo ya ci ƙarfinsu kafin a kawo su asibiti, duk don kunyar a ce mai bi yana da ciwon ƙwaƙwalwa. In mutane suka ji cewa waƙar da suke rerawa lokacin jibin Ubangiji daga hannun irin wannan majinyaci ta fito, wataƙila wani ya samu ƙarfin zuwa ganin likita. Dauda, shi Cowper ya rubuta waƙoƙin yaƙi da bauta, in hakan zai sanyaya maka rai.

Ayuba (Maraɗi): Gaisuwa daga Nijar. Mu ma a nan waɗannan muryoyin muke rerawa. Ina mamaki har yanzu ba wanda ya ambaci Fanny Crosby, alhali in ka buɗe littafin waƙoƙi ko'ina sai ka ci karo da ita.

Saratu: Ɗan'uwa Ayuba, ita ai sai an ware mata dare guda. An haife ta 1820 a jihar New York, ta makance tana da mako 6, ta rasu 1915 tana da shekara 94. Tun tana yarinya ta haddace littattafan Musa 5, da Linjila 4, da Karin Magana, da Zabura masu yawa. A ka take tsara waƙa ta gama tsaf, sannan ta faɗa wani ya rubuta. Waƙoƙinta sun haura 8,000, har masu buga littafi suka riƙa sa mata sunayen aro kusan 200 don kada a ga littafi guda duk na mace ɗaya ne. Ladanta kuwa dala 1 ko 2 ne a kan kowace waƙa, mallakar waƙar ta koma hannun kamfani ko mai murya. A gidajen haya na unguwannin talakawa ta zauna, tana zuwa wa'azi wuraren da ake tara mashaya da marasa gida.

Dauda: Wato an ci guminta ke nan. Makauniya ta rubuta, masu ido sun kwashe kuɗin.

Saratu: Haka tsarin yake a lokacin ga kusan duk masu rubuta kalmomi, ba ita kaɗai ba, kuma abin da ya shigo hannunta ma rabar da shi take yi. Amma e, kamfanin ya fi ta samu nesa ba kusa ba.

Yohanna Mai Piyano: A wurin Crosby ne maganata ta fi fitowa, don sau da yawa murya ce take riga kalmomi zuwa. Blessed Assurance, 1873: ƙawarta Phoebe Knapp, matar wani attajirin kamfanin inshora, ita ta tsara muryar, ta kaɗa mata, ta tambaye ta me muryar nan take cewa. Nan take Crosby ta ba ta layin farko. William Doane kuma, mai masana'antar injinan aikin katako a Cincinnati, shi ya sa wa waƙoƙinta da yawa murya, ciki har da To God Be the Glory. Ita wannan a Amurka an kusa mantawa da ita, a Ingila ta zauna da gindinta, sai da tawagar mai wa'azi Billy Graham ta ji daɗinta a taron Landan na 1954 sannan ta koma da ita gida.

Ayuba, dalilin da ya sa mu da ku muke da muryoyi iri ɗaya shi ne Ira Sankey, mawaƙin da yake bin D. L. Moody wa'azi. A 1873 ya fara buga ɗan littafin waƙoƙinsa a Ingila, ya yi ta ƙaruwa har ya kai waƙa 1,200. Shi ne dattawanmu suke kira “Sanki”. Mishan ɗin da suka kafa ikkilisiyoyinmu, SIM (Sudan Interior Mission) da suka fara isowa 1893 da SUM (Sudan United Mission) a 1904, a wannan zamanin suka taso, da waƙoƙin nan a bakinsu suka zo. Shi Sankey da Moody ba su ci kuɗin littafin ba, amintattu aka damƙa wa, aka yi makarantu da ginin coci da shi. Waƙar tumaki 99 ta Luka 15 kuwa, a jarida ya tsinci kalmomin a 1874, na wata mata Elizabeth Clephane da ta riga ta rasu, ya yanke ya sa a aljihu. Da Moody ya gama wa'azin makiyayi mai kyau a Edinburgh ya ce masa ya rera wani abu, sai ya ɗora takardar a kan ƙaramar ogan ɗinsa ya ƙirƙiri muryar a gaban jama'a. Duk mai kiɗa ya san irin gumin da ke cikin wannan.

Mama Rifkatu: Duk na ji na Turawa. Mu fa? Waƙoƙin da muke yi a Zumuntar Mata, da tulu da kacau-kacau, wata mata ce a wani ƙauye ta tsara kowace ɗaya, daga ayar da aka karanta mata ko daga baƙin cikin da ta shiga. A taron gunduma ake jin waƙa, kowa ya ɗauka ya kai gida, bayan shekara biyu ta zama ta kowa, mai ita kuwa ba a san sunanta ba. Kuma ku lura, in muna tamu ba wanda yake tuntuɓe da kalma, don da Hausa aka haife ta. Waɗancan da aka fassara wani lokaci sai an ja gajeren gaɓa an matse dogon kafin ya shiga murya. Ku masu boko da kuka san ranar da jirgi ya nutse a 1873, ku zo ku zauna da tsofaffin matanmu ku rubuta tun suna raye.

Ladi: Mama ta faɗi gaskiya. Kakata tana da waƙoƙi a ka da ba su cikin kowane littafi.

Baba Ishaku: Na Zumunta ba ni da ja, suna da nassi a ciki. Abin da ba na so shi ne na yaran yanzu, layi ɗaya a maimaita sau ashirin, ga ganga ga jita kamar gidan rawa. Tsofaffin waƙoƙi koyarwa ce daga baitin farko zuwa na ƙarshe. Mutum ko bai iya karatu ba, in ya haddace goma ya san bishara.

Yohanna Mai Piyano: Baba, ku yi haƙuri, amma abin da kuke faɗa shi dattawan kowane zamani suka faɗa a kan waƙoƙin da kuke kira tsofaffi. Lokacin da Isaac Watts ya fitar da littafinsa a 1707, yawancin ikkilisiyoyin da suke sujada da Turanci Zabura kaɗai suke rerawa, kuma an daɗe ana ƙin nasa a kan cewa kalmomin mutum ne, ba hurarru ba. Har yau a Skotland akwai masu rera Zabura zalla ba kayan kiɗa. Sankey da ya je can da ogan ɗinsa akwai waɗanda suka ɗaure fuska. Thomas Dorsey kuwa, wanda ake kira uban waƙoƙin bishara na baƙaƙen Amurka, makaɗin gidajen rawa ne na gaske, da suna Georgia Tom, har da faifan waƙoƙin batsa ya yi a 1928. Da ya shigo da salon kiɗansa coci, manyan ikkilisiyoyin Shikago rufe masa ƙofa suka yi. A watan Agusta na 1932 yana taron farkawa a St. Louis aka aiko masa cewa matarsa Nettie ta rasu wurin haihuwa, jaririn ma ya bi ta. Daga nan Precious Lord ta fito, a kan wata tsohuwar murya da ya gyara. Ita mawaƙiya Mahalia Jackson ta rera a jana'izar Martin Luther King a 1968. Yau ba dattijon da zai ce mata kiɗan duniya.

Baba Ishaku: Ka kawo mini waƙa ɗaya ta bana da za a rera a jana'iza bayan shekara 90, sai mu yi magana.

Dauda: Baba, Crosby ta rubuta fiye da 8,000, Charles Wesley kusan 6,500. Nawa muke rerawa a cikinsu? A cocinmu in an haɗa su biyun ba za su cika shafi guda na lambobi ba. Sauran sun mutu tun a zamaninsu, kuma cikinsu akwai marasa daɗi da yawa. Ku gari kuka tarar an riga an tankaɗe, mu kuwa kuna auna mu da dusarmu.

Baba Ishaku: To ku je ku tankaɗe a wurin koyon waƙa ranar Asabar, ba a sujadar Lahadi ba. Kuma Yohanna, tunda kana nan, a rage ƙarar lasifikar da ke gefen kujerun dattawa.